Osiloskof Ɗin Baba Sallau da Ƙwan Zabi Ɗari Uku

"Da ban riƙe hannunki ba, da yanzu toka muke rabo, ba na'ura ba."

"Ka riƙe hannuna, na ji. Kai wa ya riƙe naka lokacin da ka zaro ƙarfen dalma za ka yi wa lafiyayye tiyata? Malam Haladu, ka ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa. Shi ya sa ban yarda da launin waya ba."

Masu wannan cacar baki Haladu ne da Sahura, a shagon Baba Sallau mai gyaran rediyo da ke bayan tashar Azare, wata Alhamis da hantsi. Ta ukunsu, Barira, tana zaune kan wata matacciyar sifika, ta yi tsit kamar ba ita ba. Leɓɓanta ne kawai ke motsi, tana haddace yadda Haladu ke ɗaga gira ɗaya in ya ji an kusa kayar da shi, don ta kwaikwaya wa 'yan gidansu da yamma. Sai dai ranar dariyar ba ta kai mata ciki ba, domin abin da ake rigima a kansa ita ma tana so, so kuwa ba na wasa ba. Ga shi can kan tebur, an lulluɓe shi da tsohon rawani: osiloskof ɗin Baba, na'urar da ke zana hoton wutar lantarki a gilashi, guda ɗaya tal. Motar da za ta kai Baba Bauchi wurin 'yarsa tana kan hanya, kuma ya riga ya ce ba zai tafi da shi ba, mutum ɗaya zai bar wa.

To, ku gyara zama, a koma baya kaɗan, don ba a yanke hukunci daga tsakiyar faɗa.

Baba Sallau ya yi shekara talatin yana gyaran injuna a wani gidan rediyo, da wani tsohon osiloskof mai koren ido wanda nauyinsa ya kai buhun gero. Da ya yi ritaya ya buɗe shago, sai surukinsa ya kawo masa sabo, na zamani, ɗan ƙarami kamar akwatin burodi, mai gilashi kamar na waya. A daminar da na'urar ta iso, a daminar yanar ido ta rufe wa Baba gani. Yakan shafa ta ya ce Allah ya kawo nama bayan haƙora sun zube. Don kada ta ruɓe a kwali, sai ya sa aka faɗa a masallaci da kasuwa cewa duk mai son koyo ya zo, kyauta. Mutum goma sha ɗaya suka zo ranar farko, yawancinsu sun ɗauka talabijin za a kunna. Bayan mako biyu saura uku.

Haladu mai ja wa gidaje wayar wuta ne, ya haura arba'in, wuta ta taɓa jefo shi daga kan tsani har sau biyu. Tun daga nan ko cokali zai ɗauka sai ya fara taɓa shi da bayan hannu. Aikin sola ya fara yawa a ƙauyuka, shi kuma in inbata, mai mai da wutar batiri ta gida, ta lalace sai dai ya ce a kai Kano. Yana son na'urar don ya daina faɗin haka.

Sahura 'yar ma'auniya ce, a rumfar hatsin uwarta ta girma, tun tana rarrafe take ganin yadda ake bubbuga gindin tiya don ta ci ƙasa da ƙa'ida. Ta buɗe teburin gyaran wayar hannu a bakin kasuwa, maza suna wucewa suna cewa mace da sukundireba sai dai ta ƙara ɓatawa. Tana son na'urar don in ta ce ga abin da ya lalace, ta nuna shi a gilashi, gani ya kori ji.

Barira kuwa cajin waya take tsare wa yayanta a wata 'yar bukka, tun safe har magariba, tana zare wannan tana soka wancan. Ba ta da teburi, ba ta da abokan ciniki, ba ta da komai sai kunne. Duk abin da ya yi ƙara a gabanta sau ɗaya ya shiga hannu: tarin liman, kukan ƙofar maƙwabta, yadda mai shayi ke cewa "saura canji". Ta zo ajin ne don ta samu sabbin muryoyi. Ba ta san yadda aka yi layin nan mai rawa a gilashi ya kama ta ba, har ta fara tunanin wata rayuwa da ba ta cikin bukkar caji.

Ga yadda Baba yake koyarwa. Ya ce mita, wadda kowane mai gyara ke ratayawa a wuya, tana faɗa maka abin da wuta take so ka ji ne. Wannan kuwa yana nuna maka abin da wuta take yi in ta ɗauka ba a kallonta. Ya ce su ɗauki gilashin kamar filin dara, gida-gida. Hawa sama ƙarfin wuta ne, da bolt ake ƙirga shi. Tafiya gefe lokaci ne. Kai za ka gaya wa na'ura gida ɗaya bolt nawa ne, sannan ka ƙirga gidajen da layi ya hau, ka ninka. Wayar awon baki biyu gare ta: tsinke, wanda ake dangwalawa a wurin da ake son aunawa, da wani ɗan maƙali mai haƙora da ake ce wa kada. Shi kada a mainos ake maƙala shi, ba a fulos ba, ba a ko'ina ba, ko da uwarka ce ta roƙe ka.

Tun da shi ba ya gani, su ne idonsa. Yakan zauna da goronsa ya ce, "Me kuka gani?"

Haladu yakan ce, "Layi, Baba."

"Layi kamar na sallar Idi ko kamar na gidan mai?"

Sahura takan ce ya hau gida uku, ya yi kwance gida biyu, ya sauko, ya sake. Barira kuwa rerawa take. In wutar soket ce mai hawa da sauka a hankali, sai ta yi muryar mai lallashin jariri. In mai kusurwa ce, sai ta yi ta taɓarya a turmi. Baba ya yi dariya har goro ya sarƙe shi, ya ce duk shekarunsa bai taɓa jin an rera bolt ba, amma ya gane hoton sarai.

Akwai maɓalli guda da aka rubuta wa Oto, wanda in ka danna na'urar ke shirya komai da kanta. Baba ya sa masa suna maɓallin malalata, ya sa aka manne shi da filasta. Barira ta ɓare filastar ranar da aka manna ta. Kullum in Baba ya tafi Azahar, sai ta bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya tana dannawa ta ga me zai faru. A haka ta faɗa wani wuri da layin ya tsaya cak ya ƙi motsi, ta ɗauka ta kashe na'urar, har ta fara shirya ƙaryar da za ta yi. Da Baba ya dawo ya ji bayani, sai ya ce ba kashewa ta yi ba, tarko ta ɗana. Ana ja wa na'ura iyaka, a ce mata in wuta ta faɗo ƙasa da nan, ki ɗauki hoto ki riƙe. Ya ce darasin wata na shida ne, su bar shi tukuna. Haladu da Sahura suka bar shi. Barira ba ta bari ba.

Ana cikin wata na uku, 'yar Baba ta bugo waya ta ce an sa ranar aikin ido, kuma in ya zo ba zai koma zaman shago ba. A makon ne kuma, ranar wata Litinin da ake yayyafi tun asuba, Goggo Ladidi ta faɗo shagon da buhun leda a ka a madadin lema.

Goggo Ladidi ita ce shugabar wata ƙungiyar mata a unguwarsu. Sun haɗu sun sayi injin ƙyanƙyasa mai aiki da batirin sola, kowace ta kawo ƙwan zabinta na damina, aka tara ɗari uku cif aka zuba. Kwana goma sha takwas ke nan, saura goma. Sai injin ya tsiro da suma. Yana cikin aiki sai lambobin fuskarsa su daskare, abin ɗumama ƙwan ya mutu, sai an kashe an kunna yake farfaɗowa. Jiya sau huɗu ya yi. Ta kira masu gyara biyu, kowa ya sa mita ya ce wuta lafiya lau, ɗayan ma ya ba ta shawarar ta nemi mai ruƙiyya. Ta ce kwana biyu ke nan ba ta iya zuwa ko bayan gida da natsuwa, kuma in ya suma ba ta kusa, a wannan sanyin, ƙwan da mata ashirin da uku suka tara sun zama na jefa wa ɓarawo.

Baba ya ce shi a wannan santsi ba zai fita ba, in ma ya je ba abin da zai gani. Ya sa aka naɗe na'urar a rawani da leda, ya ce su uku su tafi. Har sun kai ƙofa ya ƙara da cewa wanda ya gano ciwon injin nan, shi zai bar wa ita. Da ya san abin da maganar za ta haifar, da ya haɗiye ta da goronsa.

Injin yana cikin wani ɗan ɗaki a gidan Goggo, an rufa masa bargo biyu kamar mai zazzaɓi. Suka jona osiloskof a inbatar gidan, wadda ke shan batiri ɗaya da injin. Suka kwance murfin baya, ga fanel, wato allon kayan wutar injin, ga wayoyi biyu sun shigo daga batiri, ja da baƙa.

Sahura ce ta riga kowa ɗaukar kada. Kowa ya san ja fulos ce, baƙa mainos, haka yake a littafi, haka yake a duniya. Ta buɗe bakin kadan ta nufi baƙar waya, saura ƙiris ya ciza, sai Haladu ya cafke mata wuyan hannu. Ta ce ya sake ta, ita ba ƙanwarsa ba ce. Ya ciro mitarsa ya auna wayoyin a gabanta: baƙar ce fulos, jar ce mainos. Wanda ya ja wayar ya juya launin. Kuma tun da na'urar da injin batiri ɗaya suke sha, da kada ya ciji baƙar nan, da fulos da mainos sun gaisa ta cikin osiloskof, gaisuwar da ba a tashi lafiya. Da fanel ya tafi, da na'ura ta bi shi, ƙwai kuma sai dai a nemo kaji ɗari su kwanta. Haladu ya maƙala kada a jar waya, ya bi fanel da yatsa har ya kai ga wani ɗan abu mai ƙafa uku, wanda aikinsa shi ne ya sauko da bolt goma sha biyu zuwa biyar don ƙwaƙwalwar injin. Ya dangwala tsinke a ƙafar da biyar ke fita. Barira ta lura hannunsa bai yi lalube ba ko kaɗan, amma ta bar wa cikinta. Wannan shi ne aikin Haladu.

Layi ya fito a gilashi, amma a ƙasa yake rarrafe. An sa gida ɗaya bolt ɗaya, ya kamata ya hau gida biyar, sai ga shi a rabin gida. Haladu ya ce shi ke nan, an kama ɓarawo. Ai Baba ya faɗa, mita tana rufa wa wuta asiri, na'ura ce ke tonawa. Mai ƙafa uku ya mutu, rabin bolt yake bayarwa. Ya sa ƙarfen dalma a wuta zai cire shi. Da aka tambaye shi ina sabo, ya ce in an cire a ga lambarsa, a aika Kano, gobe ko jibi ya iso. Goggo ta ce kafin jibi ai ƙwan sun yi sanyi.

Sahura ta ce kada wanda ya taɓa komai. Ta ce injin da ke samun rabin bolt ba zai kunna ko lamba ɗaya ba, ga shi kuwa lambobinsa tar. Kuma a rumfar uwarta, in mai saye da mai sayarwa suka yi gardama, ba hatsin ake zargi da farko ba, kwanon awo ake kifawa a duba gindinsa. A gaban na'urar akwai wani ɗan ƙarfe da aka yi don gwaji, kullum bolt uku yake bayarwa, ba ragi ba ƙari. Ta zare tsinke daga fanel ta ɗora a kansa. Maimakon gida uku, layin bai kai sulusin gida ba. Ta ce to, kwanon ne aka bubbuga, kashi ɗaya cikin goma yake nunawa. Ta bi wayar awon da farce tun daga gindi har wuya, sai ga wani ɗan maɓalli kamar ƙwayar shinkafa a jikin tsinken, gefe guda an rubuta ɗaya, gefe guda goma. Yana kan goma. In yana can, tsinken kan rage wuta sau goma kafin ya miƙa, kuma ba wanda ya gaya wa na'urar haka.

Barira ta san wadda ta kai shi can. Da safen nan, kafin Goggo ta zo, ita ce ta ɗauki tsinken ta mai da shi makirfo, tana yi wa mai shayi muryar Baba yana cewa "ko da uwarka ce ta roƙe ka", babban yatsanta yana wasa da ɗan maɓallin, ƙit, ƙit. Ta kalli rufin ɗaki kamar mai neman inda yake yoyo.

Sahura ta tura maɓalli kan ɗaya, gwaji ya hau gida uku daidai. Ta mai da tsinke kan fanel, layi ya miƙe a gida biyar, santal kamar an ja shi da zare. Haladu ya zare ƙarfen dalmarsa daga wuta ba tare da ya kalli kowa ba. Wannan shi ne aikin Sahura.

Sai dai daga nan ita ma ta tsaya. Biyar ake nema, biyar aka samu. Suka zuba wa layin ido har wuyansu ya ƙage, ko gezau. Sahura ta ce awo ya cika, ita ba ta da abin cewa, wataƙila ƙwaƙwalwar injin ce ta tsufa, wannan kuwa ba a gyara ta. Haladu ya ce dama. Suka fara naɗe waya, a karon farko bakinsu ya zo ɗaya.

Ita Barira tun da aka shigo ba a ba ta komai ta riƙe ba sai murfin injin. Tana tsugune a gefe, kunnenta ya rasa abin yi, sai ya kama injin. Fankar ciki tana wani dogon "wuuu" mara yankewa. Can, lokacin da su biyun ke gardamar rabin bolt, sai aka ji "ƙat", ƙaramin injin da ke juya tiren ƙwai ya tashi, "girrr". A daidai "ƙat" ɗin nan, muryar fankar ta ɗan yi tuntuɓe, kamar mai waƙa da shaƙuwa ta kama, ta ci gaba. Ba wanda ya ji. Yanzu da ake naɗe kaya, bakinta da ba ya zama haka kawai ya shiga maimaitawa a hankali: wuuu, ƙat, hik, girrr.

Goggo Ladidi ta juyo da sauri ta duba injin, sannan ta duba Barira. Ta ce, "'Yar nan, sake yi." Barira ta sake. Goggo ta ce wallahi haka yake yi in zai suma, sak, ita dai ba ta san yadda za ta faɗa wa masu gyara ba ne.

Barira ta ce a mai da tsinke. Ta ce idan murya ta yi tuntuɓe, wuta ce ta yi, kuma abin da ya fi ƙiftawar ido sauri ba a kama shi da kallo. Haladu ya ce darasin wata shida ne wannan. Ta ce, da muryar Haladun, har da girar, "To mu gaya wa ƙwan su jira wata uku." Ta shiga maɓallan nan da ta saba dannawa a ɓoye. Ta ja iyaka a gida huɗu, ta ce wa na'ura mai faɗowa take so ba mai hawa ba, sau ɗaya kuma, ta riƙe. Ta matse lokacin har kowane gida na kwance ya zama ɗaya cikin dubu na sakan. Ba ta taɓa ɗana tarkon a kan abin da ke da rai a ciki ba.

Injin sai bayan awa biyu yake juya ƙwai da kansa, amma Goggo ta nuna wani maɓalli da ake juyawa da hannu. Barira ta danna. Ƙat, girrr. Gilashi bai ce komai ba. Ta sake, shiru. Sahura ta ce kada a juya ƙwan mutane har su yi jiri. Haladu ya duba agogo ya ce La'asar ta kusa. Barira ta ce ba ta ji shaƙuwar ba a waɗannan biyun, a ba ta ɗaya. Ta rufe ido ta danna. Ƙat, hik. Lambobin injin suka daskare, kuma a gilashi ga hoto ya tsaya: layi ya taho a gida biyar, ya rufta wani siririn rami har gida biyu, ya yi gida uku a kwance a can ƙasa, ya haye ya ci gaba kamar ba shi ba. Su huɗu suka haɗa kai suna leƙen ramin. Goggo ta ce yanzu wannan ɗan abin ne ya hana ta barci. Wannan shi ne aikin Barira.

Abin da ya biyo baya kowannensu zai iya. Baba ya sha gaya musu cewa kafasito randa ce, tana riƙe ruwa don lokacin da famfo ya ɗauke. In injin juya ƙwai ya zuƙi wuta da ƙarfi har ƙwaƙwalwa ta ji ƙishi, to randar ta tsage, ko da a ido lafiyarta ƙalau. Suka ciro wata daga gawar wani rediyo da ke jakar Haladu, suka kashe injin minti biyar, suka canza. Barira ta sake ɗana tarko, aka danna sau goma sha biyu, bai kama komai ba.

Kwana goma bayan nan ne Alhamis ɗin da muka fara da ita. Ana tsakiyar cacar bakin sai ga Goggo Ladidi da kwando a rufe, ciki ana ta tsiyau-tsiyau. Ta ce ɗari biyu da sittin da ɗaya suka fito, ga shida ta kawo wa Baba ya tafi da su. Ta zauna tana sa albarka, sai ta tsaya ta ƙura wa Haladu ido, wanda zafin gardama ya sa ya cire hula.

"Ni fa tun ran nan nake cewa na san fuskar nan. Ba kai ne ka ja mini wayar injin ba, bara waccan?"

Haladu ya mai da hularsa. Ya ce ranar magariba ta yi masa, kuma abin da ya saura a jaka ke nan, ya yi niyyar komawa ya gyara, Allah bai nufa ba. Sahura ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ce ashe ramin da ya hana ta faɗawa shi ya haƙa shi. Ya ce ko wa ya haƙa, ita ce dai ta nufe shi ido rufe, kuma ita ce ta ce injin lafiya lau a naɗe kaya.

Baba ya bari suka lafa, sannan ya ce shi tambaya ɗaya ke damunsa. Daren Lahadi da hannunsa ya shafa tsinken nan, yana kan ɗaya. Wa ya kai shi goma?

Barira ta so ta yi shiru, kuma da ta yi ba wanda zai sani. Amma amsar ta riga ta hau harshenta da muryar da ta dace da ita, ba ta iya haɗiye ta ba. Ta ce, da muryar Baba, har da ɗan tarin goron, "Wata mara kunya ce, Malam Sallau, ta mai da shi makirfo."

Baba bai yi dariya ba sai da ya juya baya.

Goggo ta ce su haɗa hannu su riƙe ta tare mana. Baba ya ce a'a. Haladu ƙauyuka zai riƙa yawo da ita a bayan babur, Sahura a bakin kasuwa take son ta, Barira ko teburin ɗorawa ba ta da shi tukuna. Na'ura mai iyaye uku, in ji shi, kafin sati ta zama marainiya. Ya ce ya kwana yana juya abin. Ba don Haladu ba, da babu na'urar da za a yi rabo, amma shi ya juya wayar, kuma shi ya tashi cire lafiyayyen abu. Ba don Sahura ba, da an kashe injin kwana biyu a kan ƙaryar awo; ita ba ta haƙa wa kowa rami ba, amma sau biyu tana bin ƙa'ida zuwa ɓata. Ba don Barira ba, da an dawo da na'ura lafiya, awo daidai, ƙwai kuma matattu. Amma wasanta ne ya kusa jawo asarar, kuma abin da ta yi nasara da shi, hana ta aka yi ta ƙi hanuwa. Ya ce shi da ya yi alkawarin bai ga komai da idonsa ba, ga shi an ce ya yi hukunci.

Ana haka mota ta tsaya a ƙofar shago. Direban, wani ƙato mai tsinken sakace a baki, ya shigo ɗaukar kaya, ya tsaya da akwatin Baba a kafaɗa har ya ji ƙarshen zancen. Baba ya ɗora tafinsa kan rawanin da ke rufe da na'urar, ya ce, "To, jama'a, wa zan miƙa wa?"

Direban ya zare tsinken sakacensa ya ce, "Baba, ba ka ce tana auna ƙarfi ba? A dangwala wa kowa a goshi mana. Wanda layinsa ya fi hawa ya ɗauka, mu kama hanya."

'Yan zabi suka ci gaba da tsiyau-tsiyau a kwando, hannun Baba yana nan kan rawani, injin mota yana ci a waje.

To, ku da kuka ji yadda aka yi tun daga farko, ga Haladu da ya san inda ake maƙala kada, ga Sahura da ta auna ma'auni kafin ta yarda da shi, ga Barira da ta ji abin da ido bai gani ba ta ɗana masa tarko, kowa da aikinsa, kowa da tabonsa. A hannun wa Baba Sallau zai sa wannan na'ura kafin ya shiga mota?